Tanar Roba ko Kifin Sassaƙa: Gardamar Masu Fatsa a Amurka

Duk wanda ya yi fatsa yana yaro ya san ba a bakin ruwa aikin ke farawa ba. Daga bayan gida yake farawa, wurin da ruwan wanke-wanke ke kwanciya, a tono tana a zuba a gwangwanin madara tare da 'yar ƙasa mai danshi. In tana ta ɓuya sai fara, ko gyare, ko hanjin kaza. A wurinmu koto abinci ne. Kifi ya zo ci, ƙugiya ta riƙe shi, magana ta ƙare. A Amurka kuwa akwai miliyoyin mutane da ke fita fatsa babu ko ƙwayar abinci a ƙugiyarsu. Guntun roba ne ko katako da aka yi wa siffar abin ci, a jefa a ruwa a riƙa motsa shi har kifi ya ruɗu. Su kansu waɗannan mutane sun rabu gida biyu, masu roba da masu katako, suna wata gardama da ta haura shekara 70 ba ta kwanta ba.

Kifin da ake wannan hidima dominsa sunansa bas, musamman mai faɗin baki. Mafarauci ne, halinsa ya yi kama da na giwan ruwa, ko da yake bai kama ƙafarsa a girma ba. Yakan laɓe cikin ciyawa ko gindin kututture, da abu ya gilma sai ya kai cafka, wata rana don yunwa, wata rana don haushi kawai. Yawancin masu nemansa ba don miya suke yi ba. Su kama, su auna, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. Wani mai sayar da inshora daga jihar Alabama, Ray Scott, shi ya mai da abin babbar gasa. Ya shirya ta farko a tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967, ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. a 1968, sannan a 1971 aka fara Bassmaster Classic, wadda har gobe ita ce babbar sallar masu wannan harka. Dokar gasar ta hana koto mai rai. Tun daga nan koton ƙarya ya zama kasuwa, kowa na cewa nasa ne gwani.

Bari mu fara jin ta bakin masu roba, tunda su suka fi yawa.

Labarinsu daga ɗakin girki ya faro. A 1949, a garin Akron na jihar Ohio, garin masana'antun taya, Nick Creme da matarsa Cosma suka yi ta dafa sinadaran roba a tukunya suna zubawa a mazubin da aka ɗauki siffarsa daga tana ta gaske, har suka samu wadda ba ta ƙandarewa. Abin bai yi tashe sosai ba sai da ya isa jihar Texas, inda aka gina madatsun ruwa da suka haɗiye dazuzzuka da itatuwansu a tsaye. Kifi ya cika waɗannan tafkuna, amma duk koton da ka jefa sai ya maƙale a reshe. Nan masu fatsa suka gano dabarar da ta canja komai: a zura 'yar dalma mai tsini a zare, a soka ƙugiya ta kan tanar, a juyo ta a binne tsininta cikin jikin robar. Tunda tsini a ɓoye yake, tana za ta ratsa sarƙaƙiya ta fito lafiya. Sai kifi ya damƙa, mai fatsa ya fizga, sannan ƙugiya ta huda robar ta kama baki. Creme da kansa ya kwashe masana'antarsa ya koma garin Tyler na Texas, kusa da masu saye.

Wannan ita ce hujjar masu roba ta farko, kuma ban ga mai tunkuɗe ta ba. Bas a cikin duhun ciyawa da rassa yake zaune, roba kuma ita ke iya bin sa har ɗaki. Hujja ta biyu laushi ne. Kifi in ya cafki abu mai tauri nan take yake furzar da shi, amma mai laushi yakan riƙe na ɗan lokaci, balle an cusa masa gishiri ko ƙamshi. Tom Mann na Alabama ya yi suna da tanar da ke ƙamshin 'ya'yan itatuwa, kamfanin Berkley kuma ya zuba masana a ɗakin bincike don gano ɗanɗanon da kifi ke so. Sai ga Gary Yamamoto a shekarun 1990 da nasa mai suna Senko, wanda ya kwaikwayi siffarsa daga biron Bic. Ba kai, ba wutsiya, in ka gan shi a ƙasa ba za ka sunkuya ka ɗauka ba. Amma gishirin da aka cika shi da shi kan sa ya nutse a hankali, gefunansa biyu na karkarwa, bas kuwa ba ya iya kau da kai.

Hujja ta uku ita ce ta aljihu. Da abin da bai kai dala 10 ba ka sayi ƙunshi guda, ka ba yaron da bai taɓa riƙe sandar fatsa ba, ka ce ya jefa ya jira. Sau da yawa zai kama. Masu roba sukan ce wasan da sai mai hali ke iya shiga ba wasan jama'a ba ne, kuma robar ce ta buɗe wa talaka ƙofa. In ta maƙale ka tsinke zare ka sa wata, ba wanda zai yi kuka.

Ku riƙe wannan maganar ta ƙarshe, za mu dawo gare ta.

Masu sassaƙa su ma ba su zo hannu rabbana ba, kuma tarihinsu ya girmi na roba. Ana ba da labarin wani mai kiwon zuma a garin Dowagiac na jihar Michigan, James Heddon, wanda wajen ƙarshen ƙarni na 19 yana zaune bakin ruwa yana fiƙe guntun itace, ya jefa shi a ruwa, sai bas ya taso ya kai masa duka. Kamfanin da ya kafa daga baya har yau sunansa na kan kaya. Amma labarin da ya fi taɓa ni na Lauri Rapala ne, wani talakan masunci a ƙasar Finland. Yana su a tafkin Päijänne ya lura cewa babban kifi in ya afka wa garken ƙanana, wanda ke tangaɗi saboda rauni shi yake zaɓa. A 1936 ya ɗauki wuƙar baduku ya sassaƙa ɓawon itace, ya naɗe shi da takardar azurfa irin ta cakulan, ya narka tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Abin da ya kwaikwaya tangaɗin nan ne. A 1962 mujallar Life ta Amurka ta yi rubutu a kansa, aka yi dace fitowar ce mai ɗauke da hoton Marilyn Monroe jim kaɗan bayan mutuwarta, wadda aka yi rububin saye. Oda ta yi wa 'yan Finland ruwa har suka rasa inda za su sa kansu.

Irin wanda ake gardama a kansa yau, wato ɗan kifin nan mai ƙiba da leɓe a gaba, daga gabashin jihar Tennessee ya fito. Fred Young na garin Oak Ridge ne ya riƙa sassaƙa shi da itacen balsa a ƙarshen shekarun 1960, yana sa wa kowane lamba da hannunsa. Ɗan'uwansa Odis, wani ƙato, shi ke fita gwaji, daga nan aka laƙaba wa abin suna Big O. A kwalin ƙwai ake ɗaukar su. Da suka fara cin gasa, sai da ta kai waɗanda suka mallaka suna ba da hayarsu na yini, kamar mai ba da hayar keke.

Me ke cikin guntun katako da zai kai a yi hayarsa? Amsar tana cikin balsa. Itace ne na dazukan Kudancin Amurka, mafi yawansa daga Ekwado, ɗan'uwan riminmu ne a dangin itatuwa, kuma ya fi rimi rashin nauyi. Masassaƙi zai fitar da jiki, ya zura waya daga hanci zuwa wutsiya, ya binne 'yar dalma a ciki, ya tsaga baki ya dasa leɓe, ya yi fenti, ya shafe. In ana naɗe zare, ruwa na dukan leɓen ya tura shi ƙasa yana kaɗa jiki. Bas na da wata jijiya a gefen jikinsa da ke jin motsin ruwa, don haka ko a ruwa mai dauɗa yana jin zuwan abin tun bai gan shi ba. Sa'ad da leɓe ya bugi kututture, mai fatsa ya ɗan tsaya, sai rashin nauyin balsa ya sa ya yi baya ya taso, kamar ƙaramin kifin da ya yi karo ya gigice. A daidai wannan lokacin aka fi kai masa hari. Akwai kuma abin da gwanaye ke biɗa ruwa a jallo: wani daga ciki yana tafiya tiryan-tiryan sai ya kauce gefe ba dalili, ya dawo hanya. Ba kowane ke yi ba, ko da hannu ɗaya ya sassaƙa su rana ɗaya, domin ƙwayar itace ba ta zama iri ɗaya. Wanda ya dace da irin wannan ba ya ba ko ƙaninsa aro.

Masu sassaƙa suna da wata hujjar ta lokaci. Roba a hankali ake jan ta, ana lalube. Sassaƙe kuwa jifa ne da naɗewa, ka share bakin tafki mai tsawo kafin mai roba ya gama da kututture uku. A 2004, a tafkin Wylie da ke kan iyakar jihohin Carolina biyu, Takahiro Omori ɗan Japan ya ga gasar Classic na neman kuɓuce masa, ya ɗauko ɗan kifin balsa na kamfanin Bagley, a mintocin ƙarshe ya fizgo waɗanda suka ba shi kambi. Shi ne baƙo na farko da ya ci wannan gasa. Masu katako har yau in gardama ta yi zafi wannan rana suke jawowa, su ce da tsohuwar zuma ake magani.

To, a nan ne ni kuma zan ɗan taka musu birki, ko da yake zuciyata na wajensu. Kifi bai san sunan masassaƙi ba. A 1973 Cotton Cordell ya sayi izinin Big O ya riƙa buga shi da busasshiyar roba a inji, ya sayar da fiye da miliyan guda cikin ɗan lokaci, kuma sun kama kifi. Kevin VanDam, wanda ya ci Classic sau huɗu, ta 2011 da taimakon irin wannan bugun inji ya ci ta. Na inji in ka sayi goma, goman tafiyarsu ɗaya, ga ƙwari. Na balsa kuwa in ka buga shi a ruwa don kakkaɓe ciyawa sai leɓe ya fita, in shafen ya tsage ruwa ya shiga shi ke nan. Wannan bambanci da ake yabo, cewa kowane da halinsa, ma'anarsa a aljihu ita ce ka biya dala 20 ko 30 sau da yawa kafin ka dace da guda na ƙwarai. Wasu manyan sassaƙe na Japan ɗaruruwan daloli ne. Da yawa cikin masu tsadar nan ma ba sa taɓa ruwa, a akwatin gilashi suke ƙare rayuwa. A 2003 an yi gwanjon wani tsohon kifin tagulla na Riley Haskell, mai rajistar 1859, a kan dala 101,200. Wannan ya tashi daga fatsa ya koma tara kayan tarihi, kuma ba laifi, illa dai kada a ce mana don kifi ake yi.

Aikin hannu ma ba na masu katako ne su kaɗai ba. A jihar Kalifoniya akwai daɗaɗɗiyar al'adar zuba roba da hannu a garejin gida, launi bisa launi, kowane mai zubi da sirrin haɗinsa. Ke nan akwai gwanin hannu a ɓangaren roba, akwai inji a ɓangaren ɗan kifi.

Ko littafin tarihi bai raba gardamar ba, sai ma dariya da ya yi wa ɓangarorin biyu. Ranar 2 ga Yuni, 1932, lokacin matsin tattalin arziki, wani saurayi manomi George Perry ya kama bas mai kilo 10 da 'yar ɗoriya a tafkin Montgomery na jihar Jojiya, da kifin katako na kamfanin Creek Chub. Aka auna, ya kai gida, aka soye aka cinye. Shekara 77 ana farautar wanda zai kamo shi, da roba da katako da duk abin da kuɗi ke saye. Sai a 2009 Manabu Kurita ya kama daidai da shi a tafkin Biwa na Japan. Da me? Da ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya, irin yadda kowane Basarke ya gada.

Ta fuskar tausayin kifin da za a mayar, kowane ɓangare da nasa laifi. Ɗan kifi yana ɗauke da ƙugiyoyi masu baki uku-uku guda biyu ko uku, suna yaga leɓe, wani lokaci su soki ido, su soki hannun mai cirewa. Roba ƙugiya ɗaya gare ta, amma laushin nan da ake yabo shi ke sa kifi ya haɗiye ta har maƙogwaro in mai fatsa ya yi jinkirin fizga, kuma wanda ƙugiya ta kama a can ba kasafai yake rayuwa ba. A nan kunnen doki suka yi.

Yanzu mu koma maganar da na ce a riƙe. George Perry ya faɗa daga baya cewa lokacin da zarensa ya tsaya cak, abin da ya fara zuwa masa tsoro ne kada koton ya salwanta, domin shi kaɗai gare su. Haka mai sassaƙe yake har yau. In nasa ya maƙale sai ya matso da kwale-kwale, ya zura wani ƙarfe mai nauyi ta kan zare ya bugo shi, wani ma ya tuɓe ya faɗa ruwa. In ya kuɓuce, sau da yawa yakan taso sama a tsince shi. Roba kuwa tun daga masana'anta an ƙera ta ne a kan za ta ɓata. Senko kan yage bayan kifi ɗaya ko biyu. Kifi na tsalle yana girgiza kai, robar ta fita ta nutse. Mai fatsa ɗaya na iya ƙarar da ƙunshi a yini, kuma ba duka ke komawa gida tare da shi ba. Yawancinsu da sinadarin PVC ake yin su, haɗe da mai sa laushi, ba sa ruɓewa, wasu ma kumbura suke yi in sun daɗe a ruwa. Kifi ya tsinci abin a ƙasa ya haɗiye, ya zauna masa a ciki, ba narkewa ba fita. Masu bincike a jihar Maine sun gwada da wani kifin ruwan sanyi, suka ga waɗanda suka haɗiyi robar sun rame. A 2013 aka kai ƙudirin hana ta gaba ɗaya gaban majalisar jihar. Bai wuce ba, aka ce a ƙara nazari a wayar da kan jama'a. A Japan kuwa hukumar tafkin Kawaguchi da ke gindin dutsen Fuji ba ta tsaya jira ba, ta hana tanar roba tun 2007 saboda tarin da aka gani a ƙasan ruwa.

Masu roba suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce ba a nuna cewa abin ya rage yawan kifi a wani tafki ba, an dai ga ɗaiɗaikun da suka cutu. Sun ce yanzu akwai zoben da ake sa wa tana don kada ta fita, akwai roba mai talewa kamar danƙo irin ta Z-Man da ke jure kifi da yawa, akwai wadda aka ce tana narkewa, akwai masu tara tsofaffi su narka su sake zubawa. Sun ƙara da cewa mafi yawan 'yan kifin da ke kasuwa su ma busasshiyar roba ce, kuma in sun tsinke a bakin kifi ko a reshe, ƙugiyoyinsu na kama tsuntsu da kunkuru. Duk na yarda. Sai dai lissafi ba ya ƙarya: mutum na iya yin shekara biyar da sassaƙe guda, fentinsa duk shaidar haƙora, alhali a wannan tsakani ya bar wa ruwa roba da shi kansa bai san adadinta ba. Arahar da ake yabo, ragowar kuɗin tafki ne ke biya.

Zamani kuma ba ya bayan masassaƙi. Tun da Garmin ya fito da na'urar LiveScope a 2018, mai fatsa na tsaye a kwale-kwale yana kallon kifi a allo yana yawo, ya jefa masa ɗan ƙaramin kifin roba a gaban hanci ya riƙa girgizawa. Da can mu ke cewa kifi na ganinka mai jar koma, yanzu mai komar ne ke ganin kifi. Samari na cin manyan gasa da wannan dabara, dattawan harka na ƙorafi, roba na ƙara yawa a ruwa.

In tambayar ita ce wane ya fi kama kifi, a yawancin ranaku da yawancin ruwaye, na ba masu roba gaskiya, kuma masu katako su daina musun abin da sikeli ya nuna. Amma in ni ne zan saya wa yaro koton farko, ko na bas ne ko na giwan ruwa, wanda masu yawon buɗe ido ke kamawa da manyan Rapala a tafkin Nasser na Masar, sassaƙe zan saya masa, guda ɗaya tal, in ce masa babu wani in ya ɓata. Wanda kuma ya ce sai roba, ya tanadi gwangwani a kwale-kwale, duk wadda ta yage ya jefa ciki ya tafi da ita gida.